Tambaya Mabuɗin Ilimi: Raspberry Pi a falo, zai yi ko ɓarnar kuɗi ne?

TAMBAYA: Salam Injiniya, barka da ƙoƙari. Ni magidanci ne, kullum faɗa muke da yara kan wayata saboda katun, uwargida nata fina-finan na cikin filas uku daban-daban, ni kuma tafsirin da na tara tun azumin bara ban ma san ina yake ba. Ƙanina ya ce in sayi wani abu wai Raspberry Pi in jona a talabijin. Mene ne shi kuma zai yi min aikin? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya raya mana zuri'a. Ƙaninka bai yi ƙarya ba. Raspberry Pi kwamfuta ce sukutum amma girmanta bai wuce katin ATM ba, allo ɗaya ne tsirara babu gida babu sikirin, kai za ka nemo mata sauran kayan. A Cambridge ta Ingila aka ƙirƙiro ta, ta fito kasuwa a 2012 kan dala 35, asali ma don yara 'yan makaranta su koyi rubuta manhaja aka yi ta, sai mutane suka gano ai tana kunna bidiyo tsaf kuma ba ta cin wuta, shi ke nan ta koma bayan talabijin.

Yanda abun yake, akwai wata manhaja kyauta sunanta Kodi (da XBMC ake ce mata, a 2014 aka sauya sunan), ita ce za ta jera maka fina-finai da waƙoƙi da karatu da hotunan biki kowanne a gurbinsa, har ta tuna inda ka tsaya a fim jiya. Hanya mafi sauƙi ka sauke LibreELEC, wato Kodi ɗin ne haɗe da ɗan abun da zai tayar da ita kawai, ka zuba a memori mai giga 16 ko 32 da manhajar Raspberry Pi Imager a laftof ɗin wani, ka zura, ka jona HDMI, ka kunna. Sai ka kwashe duk filas ɗin uwargida da tafsirinka ka juye a had disk guda ɗaya ka maƙala. Ba ruwanka da data, kuma ni a ganina nan ne amfaninsa yake a wajenmu, mu da muke zuwa shagon masu tura fim mu cika filas mu dawo gida.

Wanne za ka saya? Pi 4 ta 2019 mai RAM giga 2 (ƙwaƙwalwar aikinta ke nan, ba memori ba) ta ishe ka har da saura, tana ɗaukar 4K. Kar wani ya hure maka kunne kan mai giga 8, kallon fim bai buƙatar wannan. Pi 5 ta 2023 ta fi gudu amma ta fi tsada ta fi zafi, cajarta ma daban ce mai 5V 5A. Kuma ka kula ramin HDMI na Pi 4 ƙarami ne, micro HDMI ake ce masa, wayar dikodarka ba za ta shiga ba, ka saya tare tun a shago kar ka koma gida kana cizon yatsa.

Maganar rimot kuma kar ka sayi komai tukuna. Yawancin talabijin na zamani suna da abun da ake kira CEC, rimot ɗin talabijin ɗin da kansa zai sarrafa Kodi ta cikin wayar HDMI, sai dai kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa, Samsung su ce Anynet+, LG su ce SimpLink, Sony su ce Bravia Sync, ka shiga setin ka kunna. In babu, akwai Kore a Play Store, wayarka ta zama rimot, amma fa kun koma faɗan waya da yara ke nan.

TAMBAYA: Oga ni na riga na haɗa nawa wata huɗu da suka wuce, sau biyu ke nan ana ɗauke wuta in an dawo da ita ya ƙi tashi sai na sake zuba komai. Wani lokacin ma yana tsaka da fim sai ya mutu ya taso da kansa. Ko jabu aka sayar min? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ƙanena ba jabu ba ne, ciwo biyu ne ke damunka kuma dukkansu na wuta ne. Na mutuwa ya taso ɗin, na rantse cajar waya kake amfani da ita. Pi 4 tana son 5V 3A cikakke, da zarar wutar ta yi ƙasa da 4.63V ta fara kuka, wani lokacin ma za ka ga alamar walƙiya a kusurwar sama ta dama. Ni ma haka na yi da farko, na sayi caja mai arha an rubuta 3A ɓaro-ɓaro a jikinta, sati biyu ina zagin had disk ɗina ashe bawan Allah ba shi da laifi. In had disk ɗinka mai juyawa ne to ya ƙara nauyi, don duk ramukan USB ɗin Pi 4 a haɗe 1.2A kawai suke bayarwa, ka nemo masa USB hub, wato ɗan akwatin ƙarin ramukan USB, mai nasa wutar, ko ka koma SSD, irin wanda ba ya juyawa.

Na ƙin tashi kuma memori ne ke lalacewa in wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu. LibreELEC ya fi sauran juriya don ainihin manhajar a kulle take ba a rubutu a kanta, amma ɓangaren ajiya yana iya taɓuwa. Magani ka sa pawa bank tsakanin soket da Pi ɗin, irin wanda yake caji yana ba da wuta lokaci guda, sai dai ka gwada shi a gaban mai shago, ka zare filogi ka gani, da yawansu suna ƙiftawa na daƙiƙa ɗaya kuma wannan ƙiftawar ita ce dai ɗauke wutar. In kuna da sola da inbata an gama magana, abun da take ja wajen wat 3 ne in tana zaune, in tana aiki sosai 6 zuwa 7, kwan fitilar ɗakinka ma zai iya fin ta ci. Talabijin ɗin ne zai shanye batir ba ita ba. Kuma ka kwafi memorin ka ajiye ranar da komai ke aiki lafiya.

TAMBAYA: Talabijin ɗina tsohuwa ce mai waya ja da fari da ɗorawa, kuma ɗakin kwano ne zafi kamar gidan burodi. Zai yiwu? Daga wata uwa a Maraɗi.

AMSA: Hajiya zai yiwu. Pi 3 da Pi 4 suna fitar da irin wannan hoton ta ramin iyafis, amma sai an samu wayar da ta dace an kuma taɓa wani fayil config.txt, Pi 5 ma ba ta da ramin kwata-kwata. Ni dai da ki sa yaro ya sayo ɗan akwatin nan mai juya HDMI zuwa AV ki huta. Zafi kuwa, in ta kai digiri 80 da kanta take rage gudu sai fim ya dinga tsinkewa, kuma watan Afrilu a ɗakin kwano ba wasa ba ne. Ki saya mata gidan ƙarfe na alminiyam wanda jikinsa ne ke shanye zafin, ya fi mai fanka a wajenmu don ƙurar hunturu ba ta barin ƙaramar fanka ta yi tsawon rai. Kar a rufe ta da ƙyallen ado irin na saman talabijin dan Allah.

TAMBAYA: An ce in ka sa Kodi za ka kalli Firimiya da Netflix kyauta, gaskiya ne? Daga Kaduna.

AMSA: Malam, Kodi fanko take zuwa, ba ta da tasha ko ɗaya. Waɗancan ƙarin manhajojin da ake cusa mata na sata ne, yau su yi gobe su mutu ana saura minti biyar a tashi wasa, kuma datarka ce ke ƙonewa. Netflix ma ko kana biya ba shi da manhajarsa ta hukuma a kan Pi, sai dabaru kuma hoton bai kai ba. In intanet kake son kallo sayi Fire TV Stick, 'yar na'urar da ake jonawa a ramin HDMI. In ma kana da tsohon akwatin Android mai injin Amlogic a jibge, duba ko CoreELEC na ɗaukar samfurinsa, Kodi ɗin ce dai, ba sai ka kashe ko sisi kan Pi ba.