Likita, an sa min ƙarfe a ƙugu, zan iya komawa shago?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni tela ne, shekarata 34, ina da sikila kuma ita ce ta cinye min kan ƙashin cinyar dama har ta kai aka yi min aiki aka sa ƙarfe, yau sati biyar kenan. Alhamdulillah ciwo ya lafa, ina takawa da sanda ɗaya, to ga ɗinkin sallah ya matso kwastomomi sai kira suke, kuɗin aikin ma bashi na ci. Zan iya komawa? Daga wani tela, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam malam, Allah ƙara sauƙi. Mai aikin ofis yakan koma wajen sati shida, mai aikin ƙarfi kamar dako ko gini sai ya kai wata uku, kai kana tsakiya, amma ni ba ɗinkin ne ke ban tsoro ba, zaman ne. Kujerar tela gajera ce, kuma a makonni 6 zuwa 12 na farko ba a so gwiwarka ta ɗara ƙugunka in ka zauna, ko ka harɗe ƙafa, ko ka sunkuya ɗauko almakashi a ƙasa, don a irin haka ne ƙarfen ke gocewa daga gurbinsa, kuma wallahi in ya goce asibiti za ka koma ba shago ba. Haka masan tsuguno da zaman tabarma, a jingine su tukuna, sallah ma yi ta a kan kujera.

Keken ɗinki na ƙafa kuwa, ka haƙura da shi yanzu. Likitan da ya yi aikin shi ya san ta inda ya yanka ya sa ƙarfen, in ya yarje maka to fara da rabin yini, kujera mai tsawo, kai yanka da awo, yaran shago su yi ɗinki, duk bayan minti talatin ka miƙe ka ɗan taka. Atisayen da masu gashin ƙashi suka ba ka kar ka yar da shi. Ruwa kuma ka sha da yawa, ka san halin sikila da zafin shago.

In ƙwauri ya kumbura yana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi, ko wurin da aka yi maka aikin ya fara ruwa, kar ka tsaya kemis, wuce asibiti ranar. Kuma kar ka hau acaɓa zuwa shagon.