Digiri na biyu a fannin hulɗar ɗan Adam da kwamfuta: shin sai wanda ya iya rubuta manhaja?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi digirina na farko a ilimin halayyar ɗan Adam, kuma ina sha'awar yin digiri na biyu a fannin hulɗar ɗan Adam da kwamfuta. Sai dai ban iya rubuta manhaja ba, sannan wasu sun ce mini fannin bai wuce ƙawata fuskar manhaja ba, abin da ake koyo cikin 'yan watanni ta intanet. Mene ne ainihin abin da ake karantawa, kuma yaya zan zaɓi jami'a?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Waɗanda suka gaya miki haka sun ga reshe ɗaya ne na fannin, suka ɗauka shi ke nan. Gaskiya ne ana iya koyon tsara fuskar manhaja a gajeren kwas, amma abin da digiri na biyu yake koyarwa shi ne yadda ake kafa hujja a kan abin da mutane suke yi idan sun zauna gaban na'ura: inda suke rikicewa, dalilin rikicewar, da yadda za a tabbatar gyaran da aka yi ya magance ta. A nan karatunki na farko jari ne, domin da ilimin halayyar ɗan Adam aka kafa fannin. Littafin da ya yaɗa sunansa a 1983, na Stuart Card da Thomas Moran da Allen Newell, ƙoƙari ne na amfani da abin da aka sani game da gani da tunani da motsin hannu wajen hasashen tsawon lokacin da aiki zai ɗauki mai amfani da kwamfuta.

Misali ɗaya zai nuna miki irin tunanin da ake horar da ɗalibi a kai. A watan Maris na 1979, a tashar makamashin nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania a Amurka, wata kafar rage matsi ta buɗe ta ƙi rufuwa. A ɗakin sarrafa tashar akwai fitilar da ma'aikata suka saba karantawa a matsayin shaidar cewa kafar ta rufe, alhali abin da fitilar take nunawa kawai shi ne an aika umarnin rufewa. Suka gaskata fitila, ruwan sanyaya tukunyar nukiliyar ya yi ta zurarewa fiye da sa'a biyu. Mai kallo daga nesa zai ce sakacin ma'aikata ne. Ɗalibin wannan fanni kuwa tambayar da zai yi ita ce: me na'urar ta gaya musu, kuma me mai hankali zai fahimta daga abin da ta gaya masa a cikin irin wannan ruɗani?

Darussan da za ki tarar a yawancin jami'o'i, inda ake taƙaita sunan fannin da haruffan HCI, sun haɗa da dabarun bincike, ƙididdiga, tsara samfuri da gwada shi, da kuma sauƙaƙa amfani ga masu buƙata ta musamman, kamar makafin da manhaja take karanta musu abin da ke kan allo. Za ki haɗu da dokar da Paul Fitts ya fitar a 1954, wadda ta nuna cewa lokacin da hannu zai ɗauka kafin ya kai ga abu ya danganta da nisan abin da kuma girmansa, kuma har gobe da ita ake auna girman madannin da ke kan allon waya. Za ki kuma karanta aikin Lucy Suchman, masaniyar al'adun ɗan Adam da ta yi aiki a cibiyar bincike ta Xerox PARC, wadda ta ɗauki bidiyon ƙwararrun masana suna fama da injin kwafin takardu, ta nuna cewa mutane ba sa bin tsararren shirin da mai ƙera na'ura ya zata, sai dai su riƙa lalube gwargwadon abin da ya bayyana a gabansu.

Inda ɗalibai suka fi shan mamaki shi ne ɗakin gwaji. Za ki zaunar da mutum gaban samfurin da kika kwana biyu kina tsarawa, ki ba shi aiki, misali ya sauya lambar sirrinsa, ki roƙe shi ya riƙa faɗin abin da yake tunani a fili, sannan ki yi shiru. Za ki ga yatsansa ya wuce ta kan madannin da kike ganin ba ya ɓoyuwa, ya koma baya, ya sake wucewa, har ya ce miki ai shi dama bai iya waɗannan abubuwan ba. Hana kanki nuna masa wurin shi ne darasi mafi wuya, domin da zarar kin taimaka masa kin ɓata sakamakon. Daga nan ake koyon bambance abin da mutum ya ce da abin da ya aikata, saboda sau da yawa wanda ya sha wahala zai tashi yana yabon manhajar don kada ya ɓata miki rai. Akwai kuma sanannen ra'ayin Jakob Nielsen, masani a wannan fanni, cewa mutum biyar sun isa a gano yawancin matsalolin samfuri. Wannan yana da amfani wajen farautar matsala, amma bai isa a ce tsari kaza ya fi tsari kaza ba, kuma sanin iyakar irin waɗannan ƙa'idoji na cikin abin da gajeren kwas ba ya bayarwa.

Game da rubuta manhaja, yawancin shirye-shiryen suna karɓar ɗalibai daga fannoni daban-daban, ko da yake wasu suna sharɗanta ɗan sani a kai kafin a fara. Shawarata ita ce ki koyi abin da zai ishe ki gina shafin intanet mai sauƙi da sarrafa bayanan gwaji da yaren rubuta manhaja na Python ko R tun kafin ki shiga, domin aikin rukuni ake yi, kuma wanda bai san abin da zai yiwu a gina ba maganarsa ba ta cika nauyi a gaban injiniyoyi.

Wajen zaɓen jami'a, ki fara yanke shawara ko aikin kamfani kike nufi ko bincike, saboda digiri biyu masu suna ɗaya suna iya kai mutum wurare daban. Shirin Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka na shekara ɗaya ne, an gina shi don masu shiga masana'antu, kuma ana kammala shi da babban aikin rukuni da ake yi wa wani kamfani ko hukuma. Na jami'ar Georgia Tech, ita ma a Amurka, shekara biyu ne, kuma ilimin halayyar ɗan Adam na cikin sassa huɗu da ake shiga ta cikinsu, abin da ya dace da ke. Na kwalejin UCL da ke Landan shekara ɗaya ne, ana rufe shi da kundin bincike. Idan digirin digirgir kike hange, shirin da ake rubuta kundi ya fi miki, domin masu ɗaukar ɗaliban bincike suna son ganin kin taɓa ɗauko tambaya kin bi ta har ƙarshe. Ki kuma sani cewa shirye-shiryen da aka gina don masana'antu galibi ɗalibi ne ke biyan kuɗinsu, kuma ba su da arha, yayin da a Amurka ɗaliban digirin digirgir a wannan fanni yawanci jami'a ce ke ɗaukar nauyinsu.

Kada ki tsaya ga sunan jami'a. Ki buɗe jerin darussan ki ƙirga nawa ne na dabarun bincike da ƙididdiga, nawa ne na koyon manhajojin zane, domin manhajar zanen da ake yayi yau tana iya shuɗewa kafin ki gama biyan kuɗin karatu. Ki duba kuma ko malaman sashen suna gabatar da aiki a taron CHI na ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM, wanda ake yi tun farkon shekarun 1980 kuma shi ne babban taron fannin, sannan ki karanta maƙala biyu ko uku na malamin da kike so ya duba aikinki kafin ki rubuta masa.

Wasu jami'o'in suna neman samfurin aikin da mai nema ya taɓa yi, kuma ba lallai ne ya zama kin yi aiki a kamfani ba. Ki ɗauki wata manhaja da mutane ke kuka da ita, ki nemi izinin mutum biyar ko shida su gwada ta a gabanki, ki rubuta inda kowa ya tsaya da abin da ya ce, ki zana gyaran ko da a takarda ne, sannan ki sake gwadawa da wasu mutanen daban. Ki haɗa rahoton da takardar neman gurbinki, kuma ki bayyana a ciki har da gyaran da kika yi bai yi aiki ba, domin masu tantancewa yadda kika yi tunani suke dubawa.