Amsa ga Hajiya kan yaron da aka ba kyaftin a lakros

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiya, na saurari muryarki ta jiya, cewa yaronki da ke aji 10 a nan Maryland koci ya ba shi kyaftin a ƙungiyar lakros (wasan da ake kama ƙwallo da jefa ta da sanda mai raga a kai) ta makaranta, amma makinsa na lissafi ya fara sauka, kina tambaya ko a cire shi. Ni dai shawarata kada a cire shi tukuna, ranarsa za a gyara masa. Ki yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Bari in fara da karatun, don shi ya fi damuna. Yaron da ke son buga wasa a jami'o'in rukuni na ɗaya na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, sai ya kammala manyan darussa 16 da matsakaicin maki (GPA) aƙalla 2.3 cikin 4. Guda 10 daga ciki dole ya gama su kafin ya shiga aji 12, ajin ƙarshe na sakandare, bakwai kuma su zama Turanci, lissafi ko kimiyya. Da ya shiga aji 12 an kulle makin waɗannan goman, ba a maimaita su don a ɗaga. Kin ga ke nan lissafin da yake wasa da shi bana yana cikin abin da za a kulle. Kociyoyin wannan rukuni ba su da izinin tuntuɓar yaro sai farkon Satumba na aji 11, kuma takardar maki na cikin abin da suke fara nema. Rukuni na uku ma ba sa ba da tallafin wasa sam, sai na karatu ko na ƙarancin hali. Ki zaunar da shi ki faɗa masa wannan da lambobinsa, yara sun fi jin lamba a kan faɗa.

Inda abin ke lalacewa, daga Maris zuwa Mayu ana atisaye wajen awa biyu bayan an tashi. Ya dawo, wanka, abinci, waya, sai ƙarfe tara ya buɗe littafi ido na rufewa. To a juya. Yana gama cin abinci, minti 45 na darasin da ya fi ba shi wuya, wayar tana hannunki. Ranar da za su je wasa wata makaranta, ya karɓi aikin malamin kwana biyu kafin nan. Duk Lahadi ku buɗe shafin makinsa tare, a ga aikin da bai miƙa ba, don sifili ɗaya ya fi maki mai rauni ɓarna.

Sai kyaftin ɗin. Yara da yawa sun ɗauka ihu ne. Aiki ne da ake gani da ido. Mutum 10 ne a fili: uku gaba, uku tsakiya, uku baya, da gola. Dole uku su tsaya a ɓangaren hari, huɗu a ɓangaren tsaro har da gola, in aka kuskure an yi satar gida. Lokacin canjin 'yan wasa ake rikicewa, kyaftin ne zai riƙa ƙirga kawuna. A tsaro kuma, kafin abokin gaba ya kutso, a san wa zai bar mutuminsa ya kai ɗauki, wa zai rufe gurbinsa, a faɗa da baki. Ƙwallaye da yawa shiru ne ke sa su shiga raga.

Ɗaukar ƙwallon da ta faɗi ƙasa ma, a nan ake gane kyaftin. Ya sunkuya, hannu biyu a sanda, hannun baya ƙasa sosai, ƙafa a gefen ƙwallo, ya kwashe ya wuce da gudu. Masu ɗauka da hannu ɗaya ko masu jawo ta baya kamar ana shara, su ake ƙwace wa. In kyaftin na yin ta daidai a atisaye, ƙanana za su bi. Ya ɗauki ɗan aji 9 guda, su je su riƙa jifan bango da ƙwallo suna cafewa, jifa 50 da dama, 50 da hagu, kwata ɗin awa ya isa. In alƙalin wasa ya fitar da ɗan ƙungiyarsu, daƙiƙa 30 ko minti ɗaya zuwa uku, shi zai tambaya cikin ladabi, ya hana sauran musu, don musu na jawo wani hukuncin.

Abu biyu kafin in rufe. Ki duba rigar kariyar ƙirjinsa, tun 2022 dole ta kasance mai tambarin NOCSAE, hukumar da ke tsara ƙa'idar kayan kariyar 'yan wasa, saboda bugun ƙwallo a saitin zuciya, tsohuwar da aka gada wajen wani ba lallai ta cika ƙa'ida ba. In kuma azumi ya shigo cikin kakar wasa, shi da kansa ya je ya sanar da koci mako biyu kafin nan, su tsara gudun. Ku ba tsarin nan mako huɗu, sai ki turo mana yadda makin ya koma.