Tambaya da Amsa: Me ya sa wasana ke rikicewa daga rami na 14?

Masu karatu barkanmu da warhaka. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa daga 'yan golf suka zo, musamman waɗanda ke cikin ƙananan ƙungiyoyin abokai masu shirya gasa wata-wata. Na zaɓi uku.

TAMBAYA: Salam. Shekarata 54, shekara shida kenan ina buga golf, muna da ƙungiya mu kusan talatin kuma duk ƙarshen wata muna gasa. Matsalata ita ce ramuka tara na farko lafiya lau nake bugawa har wani lokaci ni ne kan gaba, amma da an wuce rami na 13 sai komai ya rikice, ƙwallo ta dinga tafiya inda ban aike ta ba, ƙuguna ya riƙe, washegari da ƙyar nake sunkuyawa in ɗaura takalmi. Na sayi sabon direba, wato doguwar sandar bugun nesa, ban ga canji ba. Tsufa ne ko buguna ne ya lalace?

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji. Gaskiya ni ban ga laifin bugunka ba, don da bugun ne ya lalace ai tun rami na farko za ka gani. Mutumin da ya buga tara lafiya ya iya wasan. Abin da ke faruwa da kai shi ne jikin ne ke ƙarewa kafin filin ya ƙare, kuma wannan ba sabuwar sanda ke gyara shi ba.

Mutane na raina wahalar golf saboda ba a gudu. Amma ka lissafa mana: fili mai rami 18 tsawonsa a kati ya kai kilomita shida ko kusa da haka, to kai kuma ba a miƙe kake tafiya ba, ka karkata dama neman ƙwallo, ka zagaya yashi, ka taka daga wannan girin, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, zuwa wurin fara bugu na gaba, kafin ka gama ka yi kilomita takwas ko fiye, awa huɗu kana tsaye, in kuma kai ke saɓa jakarka da sanduna 14 a ciki to abin ya ƙaru. Da cinyoyi sun gaji ba za su iya riƙe ka a tsayuwar da ka saba ba, sai ka riƙa miƙewa kaɗan daidai lokacin da sanda za ta sami ƙwallo ba tare da ka sani ba, shi ya sa kake ganin ka daki samanta ko ta kauce dama. Kai kuma sai ka ƙara ƙarfi da hannu don ka rama, abin ya ƙara dagulewa.

Batun ƙugun nan shi ya fi damuna. A bugun golf wuri biyu ne ya kamata su juya, kwatangwalo da kuma saman baya wajen ƙirji. Ƙasan baya ba a yi shi don yawan murɗawa ba, aikinsa riƙewa ne. To mutumin da ke wuni a zaune a ofis ko a mota kwatangwalonsa sun sandare, ya zo fili ranar gasa ya ce zai juya da ƙarfi, sai ƙasan bayan ya ɗauki aikin da ba nasa ba, sau da dama a rana ɗaya ban da bugun gwaji. Ciwon ƙasan baya shi ne kan gaba a raunukan 'yan golf, ba kai kaɗai ba ne, ko Tiger Woods sai da aka yi masa aikin haɗe ƙashin baya a 2017 bayan ayyuka uku kafin wannan.

Ga abin da nake so ka yi, kuma ba sai ka shiga jim ba. Tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako, wannan ya cika maka minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara, kuma in da hawa a hanyar ya fi. Sai kwana biyu a mako ka ba tsoka aiki: ka zauna kan kujera ka tashi ba tare da dafa komai ba sau goma, ka huta, ka maimaita sau uku. Ka kwanta rigingine gwiwa a lanƙwashe ka ɗaga ƙugu sama ka riƙe ka sauke a hankali. Ka kifa ka dogara kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa jiki a miƙe, daƙiƙa ashirin ta isa da farko. Sannan ka ɗora sanda a kafaɗa kana zaune ka juya dama da hagu a hankali, zaman ne zai hana ƙugu shiga ya tilasta wa saman baya ya yi juyin. Wanda na fi so kuma mutane suka fi rainawa shi ne tsayuwa da ƙafa ɗaya, rabin minti kowace ƙafa, don a ƙarshen kowane bugu kusan duk nauyinka a ƙafar gaba yake.

Ranar gasa kuma don Allah kar ka fito daga mota ka zare direba kai tsaye. Ka zo da wuri ko da minti goma sha biyar ne, ka ɗan taka, ka kaɗa hannuwa da ƙafafu, ka fara da gajeriyar sanda da rabin bugu kana ƙarawa. Ruwa ka riƙa kurɓa tun daga ramukan farko, in ka jira sai ƙishi ya kama ka a rami na 12 ka makara. Jaka kuma ka sa ta a keken turawa ko ka ɗauki kadi, wato mai ɗaukar maka jaka.

Tsufa? A'a Alhaji, 54 ba komai ba ne a wannan wasan. Tom Watson yana da 59 a 2009 saura bugu ɗaya ya cinye gasar Open a Turnberry, kuma watanni tara kafin nan aka sauya masa kwatangwalo. Phil Mickelson ya ci gasar PGA a 2021 yana da 50. Ka ba wa wannan tsarin wata biyu kafin ka yanke hukunci. Amma fa in ciwon yana sauka ta ƙafa, ko kana jin ƙafar ta yi sanyi ko ba ƙarfi, ko ƙirjinka na ɗaurewa in ka hau tudu, ka ajiye sanda ka ga likita tukuna, wannan ya wuce shawarar mujalla.

TAMBAYA: Ni mace ce, wata takwas da fara wasa. Ana ta cewa in shiga gasar ƙungiya amma kunya nake ji, wani ramin sai in yi bugu goma, ina tsoron in ɓata wa mutane lokaci. Sun ce wai Stableford za a yi, ban ma gane shi ba.

AMSA: Ƙanwata ki shiga, wallahi don irinki aka ƙirƙiro wannan tsarin. Wani likita ne Frank Stableford ya fito da shi, aka fara gasa da shi a kulob ɗin Wallasey a Ingila a 1932, saboda ya lura mutane na karaya su yaga kati in rami ɗaya ko biyu ya ɓaci. A nan ba jimillar bugu ake ƙirgawa ba, maki ake tarawa. Kowane rami yana da ƙa'idarsa ta yawan bugu, uku ko huɗu ko biyar, in kin cika ƙa'ida maki biyu, in kin wuce da ɗaya maki ɗaya, in kin rage ɗaya maki uku, kuma duk wannan bayan an cire miki bugun rangwame na handikaf ɗinki ne, wato lambar da ake ba kowane ɗan wasa gwargwadon ƙwarewarsa. Misali in handikaf ɗinki 36 ne kina da rangwamen bugu biyu a kowane rami, kin ga ramin huɗu in kin yi shida maki biyu kika samu cif.

Ramin da ya ƙi kuma, da kin ga maki ya kuɓuce sai ki ɗauke ƙwallonki ki wuce, sifili ne a wannan ramin kawai. Kin ga ba wanda kika tsare. Abu ɗaya ki riƙe, minti uku doka ta ba da na neman ƙwallon da ta ɓata tun 2019, a da biyar ne.

TAMBAYA: Ni ne sakataren ƙungiyarmu. Mutum ɗaya ya ci gasa uku a jere, yanzu ana ta gunaguni wai yana ɓoye handikaf ɗinsa. Ba na so a ɓata. Ya zan yi?

AMSA: Malam sakatare kar ka bari maganar ta zama ta mutum ɗaya, ka mayar da ita ta ƙa'ida. Tun 2020 hukumomin R&A da USGA, masu tsara dokokin golf, suka haɗa tsarin handikaf ɗaya na duniya, ana duba sakamako 20 na ƙarshe a ɗauki takwas mafi kyau a fitar da matsakaici, don haka duk wanda ke miƙa katinsa a kai a kai lambarsa za ta bi wasansa da kanta. Inda matsala ke shigowa shi ne masu buga wasa da yawa amma kati kaɗan suke bayarwa. Ku zauna ku amince kowa da kowa, har da kai, sai ya miƙa kati kaza kafin ya cancanci kofi, kuma ƙungiyoyi da dama na rage wa wanda ya ci gasa bugu ɗaya ko biyu a gasar da ke biye, wannan dokar cikin gida ce kuna da ikon sa ta. Ka kuma tuna yana yiwuwa bawan Allahn nan atisaye kawai ya dage da shi, kar a zarge shi ba hujja.

In kuma zukata sun riga sun yi zafi, wata mai zuwa ku yi gasar rukuni ta mutum huɗu-huɗu, kowa ya buga a zaɓi ƙwallon da ta fi kyau duka a ci gaba daga nan, ka sa shi rukuni ɗaya da waɗanda suka fi gunagunin su ga wasansa da idonsu.