Ɓawon Wolnot: A Nemo Mai Saye Kafin Inji

Wani ɗan kasuwa mai saro wolnot (wani ƙwallo mai ɓawo da ake fasawa a ci) daga Ondo zuwa Kano ya aiko da tambaya: "Na ji a ƙasashen waje ana tatsar sinadarai masu tsada daga ɓawonta. Ina da ɗan jari a ajiye, in sayi inji in shiga harkar?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Labarin gaskiya ne, sai dai ba irin wolnot ɗinka ake nufi ba. Waccan bishiya ce ta ƙasashe irin su Sin, Iran, Turkiyya da jihar Kalifoniya ta Amurka. Taka kuwa, wadda Yarabawa ke kira asala, tsiro ne mai naɗe bishiyoyi a gonakin koko, dangin zurma. Suna kawai ya haɗa su.

A can, koren ɓawon da ke lulluɓe ƙwallon shi ne abin nema. Yana ɗauke da sinadarin juglon, wanda ke baƙanta tafin hannun masu ɓara har tsawon kwanaki, kuma tun da can ana rini da shi. Akwai kuma tanin, irin na bagaruwar da majema ke aiki da ita. Ana jiƙa ɓawon a ruwa da etanol (sinadarin barasa), a tace, a busar, sannan ɗakin gwaji ya auna ƙarfinsa. Wannan awon ne ke sa masa farashi. Kamfanin magani ko na man shafawa ba zai karɓi kaya babu takardar gwaji ba. Ga shi ɓawon ɗanye ne sharaf, da an tara shi sai ya yi baƙi ya fara ruɓewa, shi ya sa ake sarrafa shi kusa da gonaki. Busasshen ƙoƙon mai tauri kuwa niƙawa ake yi, a goge ƙarfe da shi ko a yi gawayin tace ruwa.

Yanzu dubi naka kayan. Dafaffiya ake sayar da ita ƙulli-ƙulli a bakin titi, kowa ya fasa tasa ya watsar da ɓawon a tasha ko cikin mota. Wa zai bi ya tsinto maka? Ga ta kuma 'yar damina, injinka zai kwana mafi yawan shekara yana tsatsa.

Shawarata, kada ka taɓa jarin nan tukuna. In abin ya tsaya maka a rai, ka ware kuɗin da ɓatansu ba zai hana ka barci ba, ka kai samfurin ɓawon sashen kimiyyar sinadarai na jami'a mafi kusa a gwada. Da sakamakon a hannu, ka nemi kamfanin da zai rubuta maka nawa zai saya a wata, kuma a kan nawa. Duk abin da za a sha ko a shafa kuma sai da rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ka sa kuɗinta da lokacinta cikin lissafi tun yanzu.