Dakare Ba Ya Hawa Doki

Tambayoyin wannan mako kusan duk hanya ɗaya suka bi. Ga alama wasunku sun duƙufa kan littattafan tarihi, suna cin karo da kalmomin yaƙi da na fada, suna tuntuɓe. To bismilla.

Wani ɗalibi daga Tudun Wada ya rubuto yana cewa: Allah ya gafarta malam, ina karanta labarin sarakunan Kano, sai na ga an ce sarki ya fita da dakaru da barade da 'yan lifida. Ba duk sojoji ba ne? Mene ne na jera su?

Ɗana, laifin ba naka ba ne, na rediyo ne. Dakare shi ne mayaƙin da ke tafiya a ƙasa, ƙafarsa ce abin hawansa, jam'insa dakaru. A cikinsu ake samun 'yan baka masu kwari a kafaɗa, da masu mashi da garkuwa. Barde kuwa bisa doki yake, jam'insa barade, kuma daga nan sarautar Barde ta samo suna. Mutumin da bai san wannan bambanci ba zai karanta labarin yaƙi daga farko har ƙarshe bai gane wa ke gaba wa ke baya ba, bai kuma gane wa ke da gata ba, domin doki dukiya ne, talaka bai cika zuwa yaƙi a kansa ba.

Makon jiya ina cikin keke daga Kawo zan sauka Unguwar Sarki, direba ya ƙure rediyo, sai na ji mai karanta labarai yana cewa wai dakarun sama sun yi luguden wuta. Dakaren da ko jaki ba a ba shi ba, yau ga shi cikin jirgi! Na yi tsaki har na kusa da ni ya waiwayo, ya zaci labarin ne ya ɓata mini rai. Na san bakin alƙalami ya riga ya bushe, kalmar ta faɗaɗa, yanzu duk mai kaki dakare ne, har da na ruwa. Harshe ba ya neman izinin kowa kafin ya juya. Amma muna da mayaƙa, muna da sojoji, muna da runduna, me ya hana a ce mayaƙan sama? In ba za a gyara a rediyo ba, kai dai idan ka buɗe tsohon littafi ka karanta shi da ma'anar zamaninsa.

Sai 'yan lifida. Lifidi rigar kariya ce da ake ɗinkawa a cusa mata auduga, a bi ta da ɗinki layi-layi har ta yi kauri, a sa wa doki, mahayin ma ya sa tasa. Na taɓa samun dama a wani hawan Sallah a Zariya, kusa da ƙofar fada, na sa hannu na matsa gefen na wani doki. Yatsuna suka nutse kamar na danna katifa. Dokin ba abin da ake gani nasa sai idanu da ƙafafu, gumi na tsiyaya ta ƙarƙashi, mahayin kuma da kwalkwali a ka, yana zaune ƙiƙam ba ya iya ko sunkuyawa sosai. Irin wannan sai an ɗora shi bisa sirdi, in kuwa ya faɗo, tashi sai da taimako. Kibiya takan maƙale a cikin audugar ba ta kai ga fata ba, amma abin da auduga ke tsoro kowa ya san shi, wuta. Su ne ke kewaye sarki a bakin daga, ba su ake turawa fafara ba, nauyi ba zai bar su ba.

Tarihin Kano, wannan da aka rubuta da Larabci wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Sarki Kanajeji, wanda aka ƙiyasta ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, saboda yawan mutanen da aka rasa a yaƙi da mutanen Umbatu. Kada a haɗa lifidi da sulke, kamar yadda na ga wani ya yi a rubuce. Sulke ƙarfe ne, ƙananan zobba da aka sarƙa cikin juna. Shi ne a karin maganar nan, kibiyar ajali sulke ba ya tare ta. Da lifidi aka ce, da maganar ta rage ƙarfi, tunda ƙarfe ake so a nuna ya kasa.

Tunda mun zo nan bari in ƙara abin da ba a tambaye ni ba. Ka saurari kayan doki da kyau: lifidi, linzami, likkafa. Wannan "li" da ke farkonsu "al" ce ta Larabci, Bahaushe ya haɗiye ta tare da kalmar. Al-libd ya zama lifidi, al-lijam ya zama linzami, ar-rikab ya zama likkafa, kamar yadda al-kitab ya zama littafi, al-imam ya zama liman. Sirdi ma daga sarj yake. Kalmomin da kansu suna gaya maka ta ina kayan suka biyo, ko da ba ka taɓa taka Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi ta Kaduna, ka buɗe takarda ko ɗaya ba. Kuma yau ma'aikacin da aka ƙara wa girma a sakatariya, wanda bai taɓa riƙe linzami ba, cewa ake yi likkafarsa ta ci gaba.

Wata malamar makaranta daga Unguwar Rimi tana son sanin Madaki da Madawaki, wanne ne daidai. Duk biyun, malama. Madaki gajartawa ce, kuma dawakin da kika ji a ciki su ne aikinsa, shugaban rundunar mahaya. Galadima da kika haɗa a tambayar ba ta da alaƙa da doki, aro ce daga Barno, ita da Ciroma da Yarima.

Wani daga Rigasa ya ce, "yaƙi ɗan zamba ne", ashe Hausawa sun halatta zamba? A'a. Zamba a nan dabara ce da shammatar abokin gaba a fagen fama, kuma ta yi daidai da hadisin da ke cewa yaƙi yaudara ne. Ba lasisi ba ce ga ɗan kasuwar da ya cika buhu da tsakuwa, ko ɗan siyasar da ke jawo ta duk lokacin zaɓe.

Ga wata da na daɗe ina jira. Wani matashi daga Badarawa ya tambaya ko hawan daba yana da nasaba da 'yan daba, wai ko su ne asalin masu hawan. Subhanallahi. Kalmomi biyu ne da suka yi kama a baki, iyayensu daban. Dabar 'yan daba tamu ce, wurin da gungu ke taruwa, kuma tun daga mafarauta ake jin ta. Dabar hawa kuwa baƙuwa ce, daga darbar ta Farisanci, wato fadar sarki ko zaman fada. Turawan Ingila suka tsince ta a Indiya suka zo mana da ita, Gwamna Lugga kansa a Indiya aka haife shi, ya kuma yi aikin soja a can. Bakinmu ya sauke "r" ɗin, ta zama daba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda baƙuwar ke neman korar 'yan gida. Muna da hawan Sallah, da hawan Daushe, da hawan Bariki, da hawan Nasarawa a Kano, kowanne da ranarsa da hanyarsa da dalilinsa. Sai ka ji yaro ya tattara su duka ya ce daba. Daba ita ce wadda ake shiryawa musamman don babban baƙo ko babban biki, a tara sarakuna daga masarautu daban-daban wuri ɗaya. Mu mutanen Kaduna bai kamata mu rikice ba, domin a garinmu aka yi manyan biyu: wadda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a 1956, da ta bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977, wadda ta bar mana sunan otal ɗin Durbar. Sukuwar nan kuma da mahaya ke yi a guje su ja linzami a gaban sarki su ɗaga hannu, sunanta jafi. Ku riƙe ta, na lura ta fara ɓacewa daga bakin 'yan jarida.

Mai tambaya kan "sarki goma zamani goma": kowane mai mulki da irin nasa yayi. Ba lissafi ba ne, kada ka je neman sunayen goman.

Wata ɗaliba daga Malali ta ga "sarakunan Habe" a littafi, tana tambaya wace ƙabila ce. 'Yata, fara da gyara rubutun, Haɓe ne, da ɓ mai lanƙwasa. Kalmar Fulatanci ce, tilonta Kaɗo, Fulani ke kiran wanda ba Bafulatani ba da ita. Marubuta suka ɗauke ta suna nufin sarakunan Hausa na kafin jihadin 1804. Ni dai na fi son a ce sarakunan Hausa, tunda su ba su kira kansu da wancan suna ba. Na Zazzau ma ba su ƙare ba. Makau ya bar Zariya ya yi kudu, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da yau ake kira Suleja, kuma har gobe sarkin can Sarkin Zazzau ake ce masa.

Na ƙarshe daga Kakuri, ganuwa da badala. Ganuwa ita ce katangar da ta kewaye birni, badala kuma tudun da ke jikinta ta ciki, inda masu tsaro ke tsayawa su yi harbi, ko da yake Kanawa sukan kira duka abin badala. Ka ce ka duba ko'ina a Kaduna ba ka ga ko ɗaya ba. Ba za ka gani ba, Turawa ne suka zana garin suka dawo da hedikwata nan daga Zungeru a 1917, lokacin an daina jiran hari daga mahaya. Ka shiga mota a tashar Kawo ka sauka Zariya, ka ce a kai ka Ƙofar Doka.