Tambaya da Amsa: An ce in duba haɗarin da ke ɗakin marasa lafiya, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni nas ce, kwanan nan aka ba ni shugabancin ɗakin mata a asibitinmu, an ce kowa ya kawo rahoton abubuwan da za su iya jawo haɗari a sashensa kafin ƙarshen wata. An ba mu fom amma gaskiya na rasa ta ina zan fara, komai na ɗakin ya tsufa.

Amsa: Wa alaikumus salam Sista, Allah ya taya ki riƙo. Ki ajiye fom ɗin nan tukuna. Ki zo ɗakin da daddare, wajen ƙarfe biyu, ki zagaya tare da nas mai aikin dare da baba mai shara, don su suka san soket ɗin da ke tartsatsi da inda ruwa ke kwanciya. Da rana kowa ya kintsa, da dare ne masu jinya ke shimfiɗa tabarma a kan hanya, caja goma a jikin soket ɗaya, wata ma ta kunna risho a lungu za ta dama kunu.

Tunda komai ya tsufa, kar ki ce sai kin rubuta komai. Duk abin da kika gani ki yi masa tambaya biyu: yaya sauƙin faruwarsa, kuma in ya faru me zai yi wa mutum? Ki ba kowace tambaya maki 1 zuwa 5 ki ninka su, abin da makinsa ya fi yawa shi ya fi haɗari. Fentin da ya ɓare kullum ana ganinsa amma ba ya kisa. Ƙofar baya da aka garƙame da kwaɗo kuwa sai a shekara goma ba a damu da ita ba, ranar da aka buƙace ta shikenan.

Ni dai inda hankalina ya fi tashi shi ne oksijin da wutar lantarki in sun haɗu a ɗaki ɗaya. A watan Afrilun 2021 silindar oksijin ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza, mutum sama da 80 suka rasu. A watan Mayun 2022 jarirai 11 suka rasu a gobarar wani asibiti a garin Tivaouane na Senegal, kuma matsalar wayar lantarki aka ɗora wa. Oksijin shi kansa ba ya kamawa, amma yana sa bargo da katifa su ci kamar an zuba musu fetur. Don haka ki duba, silinda a tsaye take an ɗaure ta da sarƙa ko jingine ta aka yi da gado? Akwai maiƙo a bakinta? Wallahi na sha ganin mai jinya tana shafa wa marar lafiya basilin a hanci saboda hunturu alhali robar oksijin na hancin, tausayi ne ya sa ta, ba ta san maiƙo da oksijin ba sa haɗuwa ba. Sai tukunyar kashe gobara, ki kalli allurar agogonta ko tana kan kore, ki duba kwanan watan jikinta, sannan ki miƙa wa ma'aikaciyar dare ki ce ta nuna miki yadda ake cire fil ɗin.

Tagoginmu duk da ƙarafa, saboda haka ki tsaya a gadon ƙarshe ki ƙiyasta minti nawa za a yi kafin a fitar da wadda aka yi wa tiyata jiya.

Sauran ba su da wuyar gani. Kwalin zubar da allura a rufe shi in ya kai kashi uku cikin huɗu, wanda allura ta soke a kai shi ya fara maganin kariya daga HIV nan take, kar ya wuce awa 72. Janareto kar hayaƙinsa ya fuskanci taga. Banɗaki mai santsi ba abin riƙewa, gado ba ƙarfen gefe, da kashin ɓera a cikin loka saboda zazzaɓin Lassa.

In kin zo cike fom, kowace matsala ki sa sunan wanda zai gyara da rana, ki haɗa da hoto. Amma kwaɗon ƙofar nan kar ki jira ƙarshen wata, yau ki nemo makullin ki rataye shi inda nas mai aikin dare za ta kai hannu ko da an ɗauke wuta.